Harsashin Da Ya Iso A Gajiye

Harsashin da ya kashe yayana yana cikin wani ɗan gwangwanin taba gari, a naɗe da tsumma, a ƙarƙashin katifar Inna. Likitan da ya ciro shi ya miƙo mana a kan faranti, Inna ta hana a wanke. Rigar da Nangyal ya mutu a cikinta ma ba a wanke ba. Tana rataye a ƙusa, daidai inda idona zai sauka in na ɗaga kai daga cin abinci. Wata goma sha ɗaya ina cin gurasa a ƙarƙashin rigar nan.

Wanda ya yi harbin Dilawar ne, ɗan baffanmu, mai gonar da ke manne da tamu a Zarkanda. Cewa ya yi da sassafe ne, gajimare ya kwanta a kan masara, ya hangi beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, yana karya karare, ya harba sau ɗaya. Bai san Nangyal yana tsugune can baya yana buɗe wa ruwa hanya ba. Aka duba gona ba a ga jinin dabba ba, domin ruwan sama ya sauko kafin hantsi. Abin da kowa ya sani kuwa, shekara uku gidajenmu biyu suna faɗa a kan wannan hanyar ruwan. Babu wanda ya yarda da beyar ɗin Dilawar, har ni.

Dattawa suka zauna, suka aza dutse: farin dutse a kan iyakar gonakin, har zuwa girbin masara na gaba. Wanda ya taɓa ɗan uwansa kafin a ɗage shi, gari zai ƙone masa gida. Dutsen ba ya yafe wa kowa. Jira kawai yake sa a yi.

Ni malamin makaranta ne, hannuna ya fi sabawa da alli. Na karanta labaran mutane da yawa da suka ɗauki fansa, na yi kuka a kan wasu, na ja layi a ƙarƙashin kalmominsu, ban taɓa zaton wata rana za a miƙo mini nawa rabon ba. Inna ba ta taɓa cewa in je in kashe shi ba. Sai dai ta ajiye mini shayi a ƙasa, ba a hannu ba, ta ce, "Zalmai, cikin littattafan nan naka, akwai wanda ya koya maka yadda ake zama ƙanin mutum?"

Sai kuma fiton. Nangyal in zai saki ruwa yakan yi fito, gajeru biyu, dogo ɗaya, don na ƙasa su sani. Tun bayan mutuwarsa nake jin sa. Ba cikin barci ba, da rana tsaka, ina tsaye gaban allo, ko ina sauka ta cikin dajin da ke tsakanin gida da makaranta. Gajeru biyu, dogo ɗaya. In na waiwaya, itatuwa ne kawai a tsaye suna kallona.

Saura kwana tara a ɗage dutse na zare gwangwanin daga ƙarƙashin katifa, na hau mota zuwa Darra, garin masu ƙera bindigogi.

Shagon Ustaz Sarbuland yana ƙarshen wani lungu, kunkuntar ɗaki mai warin mai da ƙarfe. Tsoho ne ƙwarai, yana zaune a ƙasa, ya matse wani guntun ƙarfe yana goga shi da magagari. A waje kowane ɗan lokaci sai wani mai shago ya fito ya gwada wa mai saye bindiga a sama. Tattabarun da ke kan waya ko tashi ba sa yi.

Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗaga murya, ɗana. Kunnen hagun nan tun kafin a haife ka ya ajiye aiki."

"Bindiga nake so, Ustaz. Ƙarama, ta sokewa a ƙugu."

"To, da ma ba wanda yake shigowa nan neman tumatir. Ta wa?"

"Tawa."

"Ba mai riƙewa nake tambaya ba. Wanda zai tsaya a gabanta. Mai ƙafa biyu, ko mai huɗu?"

Na ce beyar ne. Na ce kullum ina ratsa daji, kuma bana sun sauko ƙasa sosai saboda masara. Duk gaskiya ne, shi ya sa muryata ba ta yi rawa ba. Sai a lokacin ya ɗago, ya dubi fuskata, ya dubi yatsuna.

"Beyar ɗin aji nawa yake a makarantar taku?" Ya yi dariya shi kaɗai, ya tura mini kofin koren shayi. "Zauna, malam. In don beyar ne, gaskiyar da ba za ka ji a sauran shagunan nan ba ita ce, ƙaramar bindiga ba abokiyar faɗansa ba ce. Doguwa ake riƙe masa. Wadda ta fi doguwar ma, ka riƙa waƙa in kana tafiya. Ba ya son a faɗo masa ba sallama."

"Ba zan iya shiga aji da doguwa ba."

"Haka ne."

Ya jawo wani akwati, ya jera guda uku a kan tabarma. Ta farko 'yar mitsitsiya, an yi mata ado a mariƙi.

"Wannan ta angwaye ce. Ka harbi beyar da ita, sai ka tsaya ka ba shi haƙuri." Ya ture ta. Ya ɗauki ta biyu, libarba mai nauyi, ya juya kwandonta da yatsa. "Wannan ba ta ƙi tashi, ko ta faɗa laka. Amma shida ne cikinta, kuma tana harbin mai ita kamar jaki. Miƙo hannunka." Ya matsa wuyan hannuna, ya girgiza kai. "A'a. Na farko zai tafi inda ka nufa, na biyu sai ka nemi gafarar gajimare."

Ta uku baƙa ce, shafaffiya, irin lamba talatin da ake gani a ƙugun kowa. Da ya ɗora mini ita a tafin hannu na ji sanyinta ya hau har gwiwar hannuna. Ta zauna daidai, kamar da ma tana jirana, abin ya ba ni kunya da tsoro a lokaci ɗaya.

"Bindiga ba ita ce zaɓin ba," in ji shi. "Ga zaɓin nan."

Ya ajiye ƙunshi biyu na harsasai, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya zaro ɗaya daga na dama, bakinsa a buɗe, ana ganin darma a ciki.

"Wannan na mutum ne. Na ɓarawon da ya shigo maka gida. In ya shiga sai ya buɗe, ya tsaya a ciki, ba ya wucewa ya sami iyalinka a ɗaki na gaba. A jikin beyar kuwa a kitse zai maƙale, ka ƙara masa fushi kawai." Ya zaro na hagu, mai santsi, a lulluɓe da tagulla har baki. "Wannan na dabba ne. Fata, kitse, ƙashi, duk ba ya tsayawa gaisuwa. Ɗaya za ka ɗauka. Ba na sayar wa mutum ɗaya iri biyu."

"Saboda me?"

"Wanda ya fita da iri biyu bai san abin da yake tsoro ba. Ranar da tsoron ya zo, sai ya tarar wanda bai dace ba ne a ciki. Shekara arba'in ina nan, na ga isassu."

A nan ne na yi abin da na taho da shi tun daga gida. Ina so abin da ya shiga jikin Nangyal, irinsa ya shiga jikin Dilawar, kamar yadda ake rufe labari da kalmar da aka buɗe shi da ita. Na ciro gwangwanin, na warware tsumman.

"Irin wannan nake so."

Ya goge hannunsa a riga, ya ɗauki harsashin da yatsa biyu, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana juya shi. A waje wani ya saki uku a sama.

"Daga jikin wa aka ciro?"

"Yayana."

"Allah ya jiƙansa. Taku nawa tsakaninsa da mai harbin?"

"Dattawa sun auna. Ashirin."

"Ta ina ya shiga?"

"Ta haƙarƙari. Likita ya ce a kwance ya same shi a ciki." Ni na yi masa wanka, na ga wurin. "Ramin ma ba zagayayye ba ne. Dogo ne, kamar ramin mabuɗi."

Ustaz ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki baƙar bindigar, ya ce in biyo shi. Bayan shagon akwai ɗan fili da tudun yashi, shi ba ya gwaji a sama. Ya jera katakai masu kauri guda biyar, ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga taku ashirin, ya zuba harsashi ɗaya na hagu, ya harba. Ƙarar ta dake ni a ƙirji. Muka je muka duba. Rami ɗan ƙarami, zagayayye, a katako na farko, da na biyu, har na biyar, sannan yashi.

"Na yayanka irin wannan ne," ya ce. "Na dabba. A taku ashirin, wannan ba ya kwana a jikin mutum. Shiga yake ya fita, ya ci gaba da tafiyarsa. Dubi bakinsa yadda ya lotse gefe ɗaya. Ya daki wani abu mai tauri kafin ya zo, ya karkace, ya iso yana juyi. A gajiye ya iso wurin yayanka, ɗana."

"Me ya daka?"

"Ban sani ba. Ba na can. Ko reshe, ko dutse, ko ƙashin wani abu mai rai. Abin da na sani kawai, ba yayanka ne ya fara samu ba."

Wata goma sha ɗaya ina gina ƙiyayyar nan, ina ba ta abinci, ina kwana da ita, ga wani tsoho kurma yana neman rushe ta da katako biyar. Na ji haushinsa har cikin haƙorana.

"Mai son kisa ma yana iya harbi ta cikin reshe," na ce.

"Yana iya."

Muka koma ciki. Ƙunshin biyu suna nan inda ya bar su. Ya zauna yana kallona, bai taimake ni ba. Hannuna ya je kan na dama, ya tsaya. In na ɗauki wannan, na faɗa wa tsohon nan, na faɗa wa kaina, ko wane ne ni. Na ɗauki na hagu. A raina na ce, ai shi ma yana kashe mutum.

Kamar ya ji ni. "Yana kashewa," ya ce, yana naɗe mini a takarda. "Har da wanda ke bayansa. Kafin ka taɓa kunama, kar ka dubi abin da ke gabanka kawai. Dubi abin da ke baya."

Ranar Alhamis da hantsi dattawa biyu suka zo suka mirgine dutsen daga kan iyaka, suka bar shi a gefen hanya, suka tafi ba su dubi kowa ba. Inna ta yafa mini bargon Nangyal a kafaɗa. Ta miƙo mini shayi a hannu, karo na farko tun rasuwar, ta tsaya har na shanye. Ban taɓa jin shayi mai ɗaci irin wannan ba, kuma ban taɓa son mahaifiyata kamar a wannan lokacin ba.

Dilawar yana gonarsa yana yankan masara da lauje. Ya rame, gemunsa ya soma fari, shi da ya girme ni da shekara huɗu kacal. Babu komai a ƙugunsa. An ce tun ranar nan bai sake taɓa bindiga ba. Da ya gan ni ya miƙe, ya ajiye laujen a ƙasa a hankali.

"Ka zo, ɗan baffa."

"Na zo."

"Inna tana lafiya?"

Na fito da bindigar daga ƙarƙashin bargo, na riƙe da hannu biyu. Tsakaninmu bai wuce taku ashirin ba, na ƙirga ba da niyya ba.

"Ka ɗana ta kuwa?" ya ce. "Malaman makaranta kuna da mantuwa." Murmushin da ya yi ƙoƙarin yi bai zauna ba.

Na ɗana. Na ɗaga har bakinta ya daidaita da aljihun rigarsa. Sai idona ya yi abin da tsohon ya ce, ya wuce shi.

Wranga, matarsa, tana tsugune a bayansa a bakin hanyar ruwa, tana ɓare masara tana jefawa a kwando. Ta ja mayafinta ya rufe rabin fuska. A tsugune, kai a sunkuye, daidai wurin da aka ɗauki Nangyal.

"Ka ce wa matarka ta matsa."

Ya waiwaya, ya dawo da kallonsa kaina. Fuskarsa ta canja, a lokacin ne na fara ganin tsoro a cikinta.

"Wane iri ka zuba?"

"Na beyar."

"Wranga, tashi ki koma gida."

"Ban gama ba," ta ce. Hannunta bai daina aiki ba.

"Na ce ki tashi."

"Nan ne inuwa."

Babu wata inuwa a wurin. Na yi taku uku zuwa hagu don in cire ta daga layi. Ba ta ɗago ba, ta ja kwandonta, ta matsa a tsugune har ta sake komawa bayansa. Na koma dama. Ta ja kwandon ta biyo. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, masara kawai take ɓarewa, ganyen yana ƙara a hannunta.

A lokacin na ji fiton, gajeru biyu, dogo ɗaya, kusa ƙwarai, daga inda take tsugune. Ban san ko sun ji ba. Na ga dai Dilawar ya rufe ido.

"Nuna masa sawun," in ji Wranga.

"Ba zai yarda ba."

"Nuna masa. Ya yarda ko kar ya yarda, sai ya yi abin da ya zo yi."

Dilawar ya juya mini baya, abin da mai hankali ba ya yi wa mai bindiga, ya taka zuwa ƙarshen gonar inda ruwa ya jiƙa ƙasa. Na bi shi, bindigar tana gaba kamar ita ke jana. Ya tsaya ya nuna da ƙafa.

Sawun beyar ne, sabo, na safiyar nan. Biyu na baya sun zauna sosai, ɗaya na gaba ya nutse fiye da kima, kamar duk nauyin a kansa yake. Inda na huɗu ya kamata ya kasance, jan layi ne kawai a cikin laka.

"Tun masara tana ɗanya yake zuwa," ya ce. "Da ƙafa uku. Na bi shi sau biyu har saman dutse, da sanda. Na ce in na same shi in kira dattawa su gani da idonsu. Ban same shi ba." Ya ɗago ya dube ni. "Yaya Nangyal ne ya koya mini harbi, Zalmai. Kai kana can kana karatu."

Na durƙusa na sa yatsa a cikin layin. Laka mai sanyi. Na san tarko ma yana karya ƙafar beyar. Na san reshe ma yana karkatar da harsashi. Babu alƙalin da zai yanke hukunci da jan layi a laka da lotsattsen guntun ƙarfe. Amma ina durƙushe a wurin na nemi ƙiyayyar da na taho da ita, na tarar ba ta kai ta ɗaga mini hannu ba kuma. Abin da ya rage baƙin ciki ne zalla, kuma shi ba shi da inda zai nufa.

Na sauke kunamar a hankali, na zare gidan harsashin na sa a aljihu. Na je gefen hanya inda dattawa suka bar dutsen. Ya fi yadda nake zato nauyi. Na mirgina shi, na ja, na tura da gwiwa, farcena ɗaya ya fashe. Dilawar ya matso zai kama mini, na ce kar ya taɓa. Ni kaɗai na mayar da shi kan iyaka. Wranga ba ta daina ɓarewa ba sai da dutsen ya zauna a raminsa, sannan ta kifa kanta a kan kwandon.

Inna tana tsaye a ƙofa da na dawo. Ba ta ji ƙarar harbi ba, ba ta bukatar tambaya. Na faɗa mata duk da haka, na katakai biyar, da ramin mabuɗi, da sawun. Ta saurara har ƙarshe. Ta miƙo hannu ta zare bargon daga kafaɗata, ta ninke, ta karɓi gwangwaninta ta mayar ƙarƙashin katifa. Da yamma shayina yana ƙasa.

Dattawa sun zo daga baya sun tabbatar da dutsen, wannan karon ba su sa masa rana ba. Rigar tana nan a ƙusarta. Ina cin gurasa a ƙarƙashinta.

Kullum da safe ina ratsa dajin da baƙar bindigar a ƙugu, cike da harsasan da aka yi su domin dabba, ina waƙa kamar yadda Ustaz ya ce, ko da yake muryata ba ta waƙa ba ce. Sau uku na ga sawun a bakin rafi, uku da jan layi. Shi kansa ban taɓa ganinsa ba. Ban san abin da zan yi ba in muka haɗu, domin a duk duniya shi kaɗai ne ya san yadda safiyar nan ta kasance, kuma amsar tana cikin kafaɗarsa. Fiton bai daina ba. In na ji shi yanzu nakan tsaya, in matsa gefe, in ba ruwa hanya.